Bakwai a Raba Gida Uku

A zaurukan karatu na birnin Zazzau, irin na Unguwar Juma da Kona, ɗalibin gado ba ya rasa gamuwa da wannan mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 3. Matar ta ɗauki tumuni, kaso 1 cikin 8. Saura 7, ba ta rabuwa gida 3. Malamai ba sa yar da ragowa. Sai su ninka 8 sau 3 ta zama 24: matar 3, kowane ɗa 7.

Kwamfuta ta daɗe ba ta da wannan tsantseni. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajajen 1972, 7/3 amsarta 2, ragowar ta ɓace shiru. Python ta gaji halin, har mai ita, Guido van Rossum, ya yarda kuskure ne. A 2008 Python 3 ta sauya: / ta ba da 2.333…, mai son 2 ya rubuta // da saninsa.

To amma 2.333 sau 3 ma bai cika 7 ba. In manhajarka za ta raba gado, fara da tambayar zaure: ragowar haƙƙin wa ce?