Goron da Ya Kawo Mu Sabo: Daga Ina, Kuma Ina Aka Dosa?

 Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san ƙamshin ɗanyen ganye da sanyin ɗakin ajiyar goro. Amma ka tare yaro yau ka tambaye shi me ya kawo kakanninsa Badun, sai ya ce maka kasuwanci, shi ke nan. To wane kasuwanci? Abu biyu ne suka kafa unguwar nan, shanu da goro. Yau kan goro za mu tsaya, domin tarihinsa namu ne, kuma halin da ya shiga ya shafi tukunyar gidaje da yawa.

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, goron da muke ci ba a ƙasar Yarbawa ya samo asali ba. Yarbawa suna da nasu tun fil azal, mai ɓari uku zuwa sama, wanda suke kira abata, mu kuma hannunruwa. Shi suke amfani da shi a bukukuwa da al'adunsu. Namu mai ɓari biyu daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a Ghana ta yau, a kawo shi kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Shi ya sa har gobe Bayarabe ke ce masa gbanja. Sunan ma kaɗai ya ishe ka tarihi.

A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da jakuna, madugu na shugabanta, jagaba na gaba. Su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa Borgu, su bi ta Yandi har Salaga. Suna kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci shekara guda, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da na ratsa ƙasa a kowace masarauta. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. Saboda wannan wahala goro ya zama abin sarakuna da attajirai, talaka sai dai ya samu ɓari ranar suna ko ɗaurin aure.

Daga baya hanya ta juya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan kasuwannin arewacinta ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga. Sai 'yan kasuwa suka koma bakin teku, suna loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya kafin ya shahara da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Nan ne manoman Yarbawa suka ga dama. Tunda masu saye suna bakin tasha, me zai hana a shuka gbanja a nan? Aka fara a wajajen Agege da Otta, ya bazu zuwa ƙasar Egba da Remo, musamman inda koko ya ƙi ƙasa. Kafin a jima goron gida ya ture na Gwanja a kasuwannin Arewa. Duk inda goro ya yi yawa kuma sai ka ga zangon Hausawa ya tsiro, kamar Agege da Shagamu. Tamu Sabon an keɓe ta a 1916.

Yadda aikin ke tafiya ma abin lura ne, domin ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Manomi ya sauke kwanso daga bishiya. Mata, galibi Yarbawa, su fasa, su jiƙa, su cire ɓawo, su wanke, su bar shi ya tsane a kwando. Yaran maigida su shiga ƙauyuka da kasuwanni su sayo. A Sabo a zauna a tsince, a ware fari da ja, manya da ƙanana, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a ɗaure huhu da ganyen fita. Maigida shi ne mai masauki, shi ne ma'aji, shi ke tsaya wa baƙo. Dukiya mai yawa ta yi ta yawo tsakanin nan da Kano ba takarda ba sa hannu, sai amana. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa ko'ina.

To yau fa? Har yanzu Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro, amma ginshiƙan sana'ar suna girgiza, kuma ga inda matsalolin suke.

Na farko, itatuwa sun tsufa. Goron da aka shuka daga ƙwaya yakan kai wajen shekara 7 kafin ya fara 'ya'ya. Da yawa daga itatuwan da muke ci yau kakannin manoman yanzu ne suka dasa su. Matashi ba zai jira shekara bakwai ba alhali ga acaɓa na kawo kuɗi kullum. Kuma in mu masu saye muka ci gaba da matse farashi a bakin gona, da wane ƙarfin gwiwa zai dasa sabo?

Na biyu, ƙasa na ƙarewa. Agegen da ta yi suna da gonakin goro yau gidaje ne ko'ina. Tun da aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Badun a 1978, filayen gefenta suke ta komawa masana'antu da rukunin gidaje. Kurmin da ake yanko ganyen ɗauri shi ma yana ja da baya, shi ya sa leda ta shigo. Tsofaffin ma'ajiya za su gaya maka ganye yana barin goro ya sha iska, leda kuwa in ba a kula ba sai ta dafa shi.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma laifin a ɗakunanmu yake. Hausawa na cewa sankara ɓata goro. Da can maganinta haƙuri ne: a kwance huhu a kai a kai, a tsince mai tsutsa, a sake ganye, har goro ya zama daushe. Yanzu wasu sun ga wannan jan aiki ne, sai su zuba maganin ƙwari, har da irin su Gammalin da aka yi don feshin koko. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, an saka shi cikin jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009. Jama'a, goro fa ba a dafa shi, ba a ɓare masa komai, daga huhu sai baki. Wanda zai ci kuma tsohonka ne, malaminka ne, baƙin ɗaurin auren 'yarka ne.

Na huɗu, zaman lafiya. Rikicin Shagamu na Yulin 1999 da na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 sun nuna mana cewa in wuta ta tashi, mai gona da mai huhu duk asara suke yi. Ana cewa Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ke ci, Ibo ke girmama shi. Sarƙa ce, in zobe ɗaya ya ɓalle ta tsinke.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. Ga cibiyar binciken koko ta ƙasa nan kusa da mu a Idi-Ayunre, wadda goro na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata bincikensu. Shugabannin 'yan goro za su iya zama da ita da manoman da muke saye a hannunsu a kan samun ingantaccen dashe da hanyar ajiya marar guba. Za mu iya sa doka a tsakaninmu cewa duk huhun da aka zuba wa haramtaccen magani ba zai hau mota daga Sabo ba. Za mu iya biyan matan da ke wanke goro haƙƙinsu a kan lokaci, mu kuma zaunar da yaranmu su koyi tsinta da ɗauri tun masu sanin suna raye.

Salaga ta taɓa zama uwar kasuwar goro, yau sai a littafi. Iyayenmu da hanya ta juya ba su zauna kuka ba, sun bi ta har suka kafa mana nan. Wanda ya dasa itacen da muke ci bai san mu ba, ya dasa ne kawai. Saura mu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a nema, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.