Kuzar Jos da Ilimin da Aka Hana Masu Ƙasa

Tun kafin Bature ya hau tsaunin Jos, mutanen Ririwai a ƙasar Kano da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi sun san kuza. Sukan wanke yashin rafi har baƙin tsakin ya kwanta a gindin ƙwarya, su narka shi da gawayi, su zuba shi sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Sawun waɗannan tsinkaye Kamfanin Neja ya biyo. A 1902 George Nicolaus ya iso kogin Dilimi, ba da jimawa ba Henry Laws ya kafa sansani a Naraguta, zuwa 1914 jirgin ƙasa daga Zariya ya hau tudun.

Ana yawan kuka da kuzar da aka kwashe, kuma kukan yana kan hanya. A ganina dai babbar asarar ita ce yadda aka raba aikin: hannu na 'yan ƙasa, sani na baƙi. A 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta Najeriya ƙarƙashin J. D. Falconer. Ma'aikatanta suka zana taswirar duwatsun tudun, suka gano inda tsofaffin koguna suka binne kuza. Bahaushe da Birom kuwa nasu shi ne diga da shebur da kwanon ɗaukar ƙasa a ka. Da Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza a 1942, aka tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa ramukan, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, har a 1943 aka haƙo fiye da tan 17,000. Duk wannan ya wuce kafin a buɗe jami'ar farko a Ibadan a 1948, balle ta Ahmadu Bello a 1962.

Wani zai ce, ai masu ƙwarya sun riga masu digiri gano kuzar, to me boko ya ƙara? Gaskiya ne sun riga su, kuma danne narkarwar gargajiya da Turawa suka yi zalunci ne. Sai dai ido iyakarsa abin da ruwa ya tono. Kuzar da dutsen aman wuta ya rufe ba ta ganuwa sai da taswira da na'urar huda ƙasa. Kolumbayit ma shekaru aka yi ana zubar da shi a matsayin dattin kuza, sai da masana suka nuna amfaninsa wajen ƙarfafa ƙarfe, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950.

Akwai kuma masu cewa kasuwar kuza ta rushe tun 1985, don haka ɗalibin ilimin duwatsu ba shi da mafita sai kamfanonin mai. Wannan ƙaramin tunani ne game da sana'ar. Masanin duwatsu ne ke auna inda za a haƙa rijiyar burtsatse kada kuɗin gari su tafi a banza, shi ke gwada ƙasa kafin a ɗora madatsar ruwa ko gada, kuma kududdufan da kamfanoni suka bari a Bukuru da Barikin Ladi suna jiran irinsa. A 2010, a Dareta da Yargalma da Bagega na jihar Zamfara, masu neman zinariya sun riƙa niƙa dutse a tsakar gida, ba wanda ya gwada musu shi ya ce akwai dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka rasu.