Ranar da mita ta juya baya: yadda gidaje suka fara sayar wa kamfani wuta

Maƙalarmu ta wannan mako a kan tarihin wutar lantarki take, musamman yadda aka yi har mai gida ya samu damar tura wutar da ya samar a rufin ɗakinsa zuwa babban layi, kamfani kuma ya biya shi.

Tun da aka fara rarraba lantarki, hanya ɗaya wuta ta sani: daga babbar tasha zuwa taransifoma, daga nan zuwa gida. Kamfani ke sayarwa, mai gida ke biya. Abin da ya fara girgiza wannan tsari shi ne rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai. Farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka shiga neman mafita a iska da hasken rana.

A 1976, mazauna wani tsohon bene mai lamba 519 a titin East 11th na birnin New York, waɗanda suka gyara ginin da guminsu bayan an yi watsi da shi, suka kafa injin iska mai ƙarfin kilowat 2 a saman benen. Idan iska ta yi ƙarfi, buƙatar gidan kuma ba ta da yawa, sai rarar wutar ta koma layin kamfanin Con Edison, mita ta riƙa juyawa da baya. Kamfanin ya ce bai yarda ba. Tsohon Antoni Janar na Amurka, Ramsey Clark, ya tsaya wa mazauna gidan, kuma a 1977 hukumar kula da kamfanonin lantarki ta jihar ta ba su gaskiya.

Kada mu ɗauka ƙyashi kaɗai ne ya sa kamfanoni turjiya. Suna da hujja ɗaya mai ƙarfi. Idan an kashe layi domin gyara, amma wani gida yana ci gaba da tura wuta cikinsa, ma'aikacin da ya hau turke zai iya rasa ransa. Shi ya sa aka wajabta cewa duk inbatar da aka haɗa da babban layi ta katse kanta da zarar wutar kamfani ta ɗauke. Dole kuma ta daidaita bugunta da na layi, wato zagaye 60 a daƙiƙa a Amurka, 50 a Turai da ƙasashenmu.

A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ake kira PURPA. Ta tilasta wa kamfanoni su sayi wuta daga ƙananan masu samarwa, a kan farashin abin da kamfanin zai kashe da shi ne ya samar da ita. Kamfanoni suka garzaya kotu, har a 1983 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙa'idojin. A shekarar ce kuma jihar Minnesota ta yi dokar lissafin ragowa ga masu ƙasa da kilowat 40: a cire abin da ka bayar daga abin da ka sha, ka biya bambancin.

Amurka ta buɗe ƙofa, amma a Jamus ne abin ya zama kasuwa. A 1990 wasu 'yan majalisa biyu da ba sa ga maciji a siyasa, Matthias Engelsberger na jam'iyyar CSU da Wolfgang Daniels na jam'iyyar masu kare muhalli, suka haɗa kai a kan wani gajeren ƙuduri. Shi Engelsberger damuwarsa masu ƙananan injinan ruwa ne na jihar Bavariya, waɗanda kamfanoni ke sayen wutarsu da araha. Dokar ta fara aiki a Janairun 1991, ta ce a biya mai wutar iska ko ta rana kashi 90 cikin 100 na matsakaicin farashin da ake sayar wa jama'a. Wannan ya wadatar da masu injin iska, amma bai kai ko kusa da tsadar farantan sola na lokacin ba.

Sai wasu garuruwa, irin su Aachen da Freising da Hammelburg, suka gwada wata dabara: a biya mai sola farashin da zai mayar masa da kuɗin da ya kashe. Wannan tunani ne Hermann Scheer da Hans-Josef Fell suka kai majalisar tarayya, ya zama dokar EEG wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2000. Ta yanke fenik 99, kusan mark guda, a kan kowane yunit na wutar rana, tsawon shekara 20. Ta ce kamfani ya haɗa mai sola da layi, ya kuma fara karɓar wutarsa kafin ta kwal. Farashin kuma zai riƙa raguwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara ga sabbin shiga, domin masu ƙera faranti su rage tsada.

Da wannan tabbaci a hannu, manomi ko malamin makaranta zai iya zuwa banki ya karɓi rance. Rufin gidaje da na rumbuna suka cika da faranti. Daga 2010 zuwa 2012, Jamus ta riƙa kafa sola mai ƙarfin sama da megawat 7,000 a kowace shekara. Masana'antun Sin suka faɗaɗa domin cike wannan kasuwa, farashi ya faɗi warwas, har kamfanin Q-Cells na Jamus ya durƙushe a 2012.

Nasarar ta zo da nata ciwon kan. An saita inbatoci su katse kansu idan bugun layi ya kai 50.2. Lokacin da suke 'yan kaɗan babu damuwa, amma da suka yi yawa sai injiniyoyi suka ga cewa idan duk suka katse a daƙiƙa ɗaya, ƙasa za ta iya shiga duhu. Daga 2012 aka bi dubban ɗaruruwansu ana sake saiti.

Babbar matsalar kuwa ta adalci ce. Kuɗin da ake biyan masu sola daga takardar wutar kowa ake tara shi, kuma a 2017 ƙarin ya kai santi 6.88 a kan kowane yunit. Ɗan haya da ba shi da rufin kansa yana taimaka wa mai gida ya ci riba. Sai a Yulin 2022 aka cire wannan ƙari daga takardar wuta. A wasu wuraren ma an yi ta kai-komo. Sifaniya ta sa wa masu sola haraji a 2015, ta soke shi a 2018. Jihar Nevada ta rage biya a 2015, ta dawo da mafi yawansa a 2017 bayan jama'a sun yi ca. Tambayar dai ɗaya ce a ko'ina: wanda ya sayar da rana ya kuma dogara da layi da daddare, nawa ne rabonsa a kuɗin waya da turke?

Wannan tarihi ya taɓa mu ta fuska biyu. Farantin da ake saye yau a kasuwannin Kano da Maraɗi ya yi araha ne saboda kasuwar da masu biyan kuɗin wuta a Jamus suka taimaka aka buɗe. Sannan dokar nan ta katsewa ita ce dalilin da ya sa tsarin nasu ba ya aiki yadda yake a inda wuta ke yawan ɗaukewa: ba a sayar wa layin da ya mutu, don haka mai sola a nan batir yake saya ya adana abinsa. Duk ranar da mahukuntanmu suka zauna tsara yadda gidaje za su sayar wa kamfani wuta, sai sun fara da gyara layin, sannan su amsa tambayar ɗan haya tun kafin ta zama rigima.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.