Daga Bodin Katako Zuwa Gombe Line: Tarihin Motocin Hayarmu Da Ke Tafiya Hannun 'Yan Gwangwan



A ƙasashen Turawa akwai wasu mutane da ba su da abin sha'awa kamar motar bas. Ba direbobi ba ne, ba kuma masu mota ba. Ƙungiya suke kafawa, su tara kuɗi, su ɗauki hanya zuwa wani birni don kawai su ga motocin hayarsa, su shiga gareji su yi hira da kanikawa, su leƙa masana'antar da ake ƙera motocin, su rubuta lambar kowace mota da shekararta. A Ingila akwai Omnibus Society tun 1929, a Amurka akwai Motor Bus Society tun 1948. A Landan har gidan tarihi aka ware wa sufuri a Covent Garden, inda jika zai ga irin bas ɗin da kakansa ya hau zuwa wurin aiki.

Wani zai ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Amma idan aka tambaye mu yau, ina mota ɗaya daga cikin waɗanda Gombe Line ta fara aiki da su, ko hoton tashar Dukku na shekaru arba'in da suka wuce, wa zai iya nunawa? Ga shi kuwa garin nan hanya ce ta raine shi.

GARIN DA HANYA TA GINA

Gomben da muke ciki ba ita ce ta farko ba. Hedkwatar masarautar da Buba Yero ya kafa tana Gombe Abba ne. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita nan Gombe Doma. Sabon mazaunin ya dace da mahaɗa: yamma a nufi Bauchi da Jos, arewa maso yamma a bi Dukku da Darazo zuwa Kano, arewa a bi Bajoga zuwa Potiskum, gabas a bi Dadin Kowa zuwa Biu, kudu a bi Kumo da Kaltungo zuwa Numan da Yola.

Auduga da gyaɗa su ne suka fara jawo manyan motoci. A wancan zamani babu bambanci sosai tsakanin motar kaya da ta fasinja. Ana shigo da kan mota da ƙashinta, kafintoci su yi mata bodin katako, a jera benci, a rubuta mata kirari ko addu'a a goshi. Buhuna a ƙasa, mutane a sama, yaron mota a baya riƙe da weji. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, amma bai kashe kasuwar mota ba. Ƙara mata aiki ma ya yi, domin kayan ƙauye sai mota ta kawo su tashar jirgi. Da kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, tireloli suka ƙaru, kanikawa da masu walda da masu faci suka samu abin yi.

LOKACIN DA MUKE HAƊA NAMU

Wannan shi ne babin da yawancin matasanmu ba su sani ba. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya shigo, Gwamnatin Tarayya ta haɗa jari da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Enugu, NTM mai haɗa Fiat a Kano, sai Steyr a Bauchi, wadda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Ostiriya don haɗa manyan motoci da taraktocin noma.

A lura, daga 1976 zuwa 1996 Gombe tana cikin jihar Bauchi ne. Ke nan masana'antar Steyr tamu ce, tafiyar kilomita kusan 150 daga nan. Fijo 504 da ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Gombe da Kano ko Jos, daga Kaduna take fitowa. Marsandi 911 da manyan bas-bas na ANAMMCO, hannun 'yan Najeriya ne ya ɗaura musu noti.

To me ya kashe kasuwar? Waɗannan masana'antu haɗawa suke yi, yawancin sassan daga waje ake kawo su a akwatuna, da kuɗin waje ake biya. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan aka shigo da tsarin SAP a 1986 darajar Naira ta zube, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin mai haya. Aka koma sayen na hannu, waɗanda muke kira Beljiyam. Daga baya, a mulkin farar hula na Obasanjo, gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga 'yan kasuwa, amma babu wadda ta koma ƙarfinta na da. Darasin a fili yake: wanda ke haɗa abin da bai iya ƙerawa ba, ranar da dala ta tashi, ranar ƙofarsa za ta rufe.

ZUWAN MOTOCIN GWAMNATI

Tsadar mota ta haifar da wahalar sufuri. Tsofaffin motoci suna mutuwa, ba a iya maye gurbinsu. Shi ya sa a 1988 gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na tarayya, jihohi kuma suka ƙarfafa kamfanoninsu. Sunaye irin su Borno Express, Yankari Express da Benue Links suka zama sanannu a kan titi. Mu a lokacin Yankari ce tamu.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro jihar Gombe, ita ma ta samu nata kamfanin, Gombe Line. Abin da ya jawo mata jama'a ba boyayye ba ne: ka yanki tikiti, a rubuta sunanka, ka san kujerarka, ka san ofishin da za ka je idan kayanka ya ɓace. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki su sa ɗalibi a cikinta zuwa Zariya ko Maiduguri. A gefe guda tashoshin 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, suka ci gaba da ɗaukar mafi yawan matafiya, musamman na ƙauyuka da ranakun kasuwa.

Motocin ma sun yi ta sauya kama. J5 ta yi zamaninta, Hiace ta karɓa, Homa ta biyo baya, Sharon da Golf suka cika layin ƙananan motoci. Cikin gari kuwa bas ba ta taɓa yin kaka-gida kamar a Kano ko Legas ba. Acaɓa ce ta riƙe mu, daga baya Keke Napep ya shigo.

RANAKUN BAƘIN CIKI

Tarihin tashoshinmu ba na ciniki kaɗai ba ne. Ranar 31 ga Oktoba 2014 bam ya tashi a tashar Gombe Line. Ranar 22 ga Disamba na shekarar ya tashi a tashar Dukku. A Yulin 2015 aka sake kai hari tashoshin Dadin Kowa da Dukku. Direbobi, 'yan kamasho, masu talla da matafiya suka rasa rayukansu. Washegari waɗanda suka tsira suka koma lodi, domin idan tasha ta tsaya, gari ya tsaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa sun huta. Sunayensu sun cancanci a rubuta su a wuri guda, kada su tsaya a bakin iyalansu kawai.

ME YA RAGE MANA?

Yanzu an gina babbar tashar zamani, cire tallafin mai na 29 ga Mayu 2023 ya sauya lissafin kowane direba, ana maganar motoci masu amfani da gas da lantarki. Wani zamani yana rufewa a gaban idonmu. Tsohuwar mota idan ta kwanta, 'yan gwangwan ne ke yanka ta su auna a kilo. Tsohon direba idan ya rasu, ya tafi da labarin yadda hanyar Numan take kafin kwalta mai kyau, da nawa ake biya zuwa Kano a zamanin sule da sisi.

Ba sai mun jira gwamnati ba. A Legas masu kishin tarihi ne suka gyara Jaekel House da ke Ebute Metta ya zama ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa. Shawarata ga 'yan uwa guda huɗu ce:

1. Duk mai tsohon hoton mota, tasha, tikiti ko lasisin mahaifinsa, ya ɗauka da waya ya turo, tare da shekara da wurin da aka ɗauka.

2. Matasanmu su zauna da dattawan direbobi da kanikawa, su naɗi muryarsu da izininsu. Awa ɗaya ta isa a fara.

3. Mu rubuta takarda mu nemi izinin kai 'yan makaranta garejin Gombe Line, su ga yadda ake sauke inji a mayar. Idan hali ya yi, a kai su Bauchi da Kaduna su ga inda aka haɗa motoci. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai yarda cewa ƙera mota sai Bature ba, balle ga Innoson can a Nnewi yana haɗa bas tun 2010.

4. Mu roƙi hukuma ta ware ko da tsohuwar bas ɗaya, a wanke ta, a ajiye ƙarƙashin rumfa a sabuwar tasha da ɗan bayaninta.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma wanda bai san bara ba, da me zai auna bana? Dattawanmu da suka yi aikin mota, fili naku ne, ku ƙara mana abin da kuka gani a ƙasan wannan rubutu.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya kai kowa gida lafiya.

Sakataren Ƙungiya