Gadojin Layin Dogo na Ƙauran Namoda

Gadojin nan suna kan reshen layin dogo wanda ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, har ya tuƙe a Ƙauran Namoda cikin shekarar 1929, zamanin mulkin Turawan Ingila, waɗanda babban maƙasudinsu shi ne kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Da yake ƙasar tana da koramu masu ƙafewa da rani su cika maƙil da damina, sai ya wajaba a ɗora ƙarfen dogon bisa ginshiƙai, domin kada ambaliya ta yanke hanya.

Jirgi bai taɓa isa Isa ko Sabon Birni ba, amma fataken Gobir sun ci moriyarsa, domin ta Shinkafi suke gangaro da kaya bisa jakuna da raƙuma zuwa tasha. Bayan manyan motoci sun karɓe sufuri, kuma cinikin gyaɗa ya ja baya, sai al'amarin layin ya taɓarɓare, tsatsa ta kama gadojin. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, bai biyo ta wannan yanki ba, ta Katsina da Jibiya ya bi.