Yadda Aka Tsefe Zaren da Ke Cikin Itace

Tun a 1838 Anselme Payen, masanin sinadarai na Faransa, ya ware abin da ke ba tsiro ƙarfin tsayuwa, wato selulos. Audugar da ake kaɗi da ita kusan duk shi ne. Sai daga baya aka gano cewa cikin itace akwai zaruruwan selulos mitsi-mitsi masu ƙarfin gaske, kaurinsu nanomita 3 zuwa 4. A raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya, shi ne nanomita. Wahalar ita ce raba su, domin bayansu cike yake da ƙwayoyin haidiroksil da ke sa su manne wa juna kamar tsohon kitso.

Bengt Rånby na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya bi ta hanyar asid a 1949. Ya jiƙa selulos a sulfurik asid, irin wanda ke cikin ruwan batir. Asid ɗin ya cinye sassan da ba su da tsari, ya bar ƙananan allurai masu tauri. Ya kuma liƙa musu salfet a jiki, mai cajin lantarki iri ɗaya, don haka kowace allura na ture 'yar'uwarta, ba sa dunƙulewa a ruwa. A 1992 Jean-François Revol da Derek Gray a Montreal suka nuna cewa idan alluran suka yi yawa a ruwan, da kansu suke jeruwa hawa-hawa a murɗe. In aka shanya su, sai fatar da ta rage ta riƙa walƙiya da launin bakan gizo, ba tare da ɗigon rini ba.

A Amurka kuwa ƙarfi aka gwada. Albin Turbak da abokan aikinsa a kamfanin ITT Rayonier, a ƙarshen shekarun 1970, sun yi ta tura ɓargon takarda ta injin matsi har ya zama kamar kamu. Ya yi kyau, amma kuɗin wuta ya kashe kasuwar, aikin ya kwanta shekara da shekaru.

A ganina dabarar da ta fi burgewa ta Jafan ce. A 2006 Tsuguyuki Saito da Akira Isogai na Jami'ar Tokyo suka yi amfani da sinadarin TEMPO, wanda bayan zaren kawai yake taɓawa, ya bar cikinsa yadda yake. Da cajin lantarkin da sinadarin ke ɗorawa ya hau bayan zaren, ɗan motsawa kaɗan ya isa zaren ya warware da tsawonsa. Su biyu da abokin aikinsu Yoshiharu Nishiyama suka karɓi lambar yabo ta Marcus Wallenberg a 2015, shekarar da kamfanin Mitsubishi Pencil ya sa irin wannan zare a tawadar biro.

Har yau da sauran rina a kaba. Zaren na son ruwa, robar da ake son haɗa shi da ita kuwa ba ta so, sai an sake yi masa sutura da sinadarai masu maiƙo kafin su haɗu. In kuma aka busar da shi haka nan, sai ya koma ya manne. Shi ya sa galibi ake sayar da shi a jiƙe, mai saye na biyan kuɗin dakon ruwa.