Kilimanjaro: Shaidar Da Aka Ƙaryata

Ranar da na fara ganin Kilimanjaro daga garin Moshi na ƙasar Tanzaniya, da sanyin safiya ne, kafin gajimare ya lulluɓe shi. Tsauni ne tilo a tsakiyar fili, mai tsayin mita 5,895, kuma babu wanda ya kai shi a duk Afirka. Aman wuta ne ya gina shi da kawuna uku: Shira, Mawenzi da Kibo, wanda ke ɗauke da farar ƙanƙara. Wannan ƙanƙarar ce ta sa na koma ga tarihinsa.

A shekarar 1848 wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya ga ƙanƙara a kan tsaunin. Masana a Landan, musamman William Cooley, suka ƙaryata shi, wai ƙanƙara ba za ta zauna kusa da layin da ya raba duniya biyu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda ya ɗauki shaidar Chagga da muhimmanci, alhali su ne suka shekara aru-aru suna noman ayaba a gindinsa, suna jan ruwansa ta magudanai zuwa gonakinsu.

Ranar 6 ga Oktoba, 1889, Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka ƙololuwar Kibo. Meyer ya raɗa mata sunan sarkin Jamus, Wilhelm, har ya kai masa tsarabar dutse daga can. Da Tanganyika ta sami 'yanci ranar 9 ga Disamba, 1961, hafsan soja Alexander Nyirenda ya kafa tuta da fitilar 'yanci a saman tsaunin, daga baya ƙololuwar ta koma Uhuru, wato 'yanci da Swahili.

Suna ya dawo hannun masu shi, amma ƙanƙarar tana tafiya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda aka auna a 1912 ta ɓace. Manoman gindin tsaunin sun daɗe suna kukan raguwar ruwa da sauyin damina. A ganina kuskuren 1848 ne muke shirin maimaitawa: mu jira tabbaci daga nesa, mu ƙyale wanda abin yake faruwa a ƙofar gidansa.